Zaƙami a Injin Alhaji Ƙasimu

Duk wanda ya yi aiki a Gyadi-Gyadi a ƙarshen mulkin soja, in dai yana da baki da ciki, to ya san rumfar Safara'u mai tuwo. Ba wata rumfar a zo a gani ba ce, tsohon kwano ne a kan turaku, sai 'yan bencina da randa. Amma da rana ta take, sai ka rantse rabon wani abu ake yi. Ma'aikatan ofis, masinjoji, direbobin bas, 'yan acaɓa, leburorin gini da suka shigo ci-rani, kowa na miƙo hannu. Tuwon masara ne da na dawa, miyar kuka da busasshiyar kuɓewa, sai man shanu ga mai hali. Safara'u akwai faɗa, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Ka kuskura ka tsoma hannu a randar sha, za ta wanke ka tas a gaban jama'a ko da kai darakta ne. Sai dai ba wanda ya taɓa tauna ko tsakuwa a tuwonta, kuma da wannan take tinƙaho. Tun da mijinta ya rasu ya bar mata yara, muciyar nan ce rufin asirinta. A gefenta akwai Jummai mai fura, aminiyarta tun suna amare a layi ɗaya, wadda ita kaɗai take iya cewa Safara'u ta yi shiru ta yi.

Niƙa kuwa wuri ɗaya take kaiwa, injin Alhaji Ƙasimu da ke bayan kasuwar Tarauni. Ga wanda bai san halin inji ba, inji ba ya zama fanko. Duk abin da aka zuba masa sai ya riƙe wani abu a cikinsa, sai hatsin mai bi ya turo shi waje. Wato garin da ka ɗauka, farkonsa na wanda ya riga ka ne, ƙarshen naka kuma ka bar wa na bayanka. Mata sun san haka sarai, shi ya sa mai masara ba ta yarda ta bi bayan mai wake. In kuma an niƙa abu mai ƙarfi kamar barkono ko kanwa, ƙa'ida ita ce a kora dusa, a kwance farantan a goge. Safara'u ba ta son wannan cacar, saboda haka kullum ita ce ta fari. Ana buɗe shago buhunta yana bakin ƙofa, ta samu injin a goge tun jiya.

Mai tayar da injin shi ne Tanko, magidanci ne daga wani ƙauye a wajen Gaya. Ya daɗe a shagon nan har ba a iya bambance furfurarsa da gari, ƙarar injin kuma ta cinye masa rabin ji, sai an ɗaga murya yake amsawa. Alhaji Ƙasimu "yarona Tanko" yake ce masa, ko da yake Tankon ya girme shi. Albashi babu. Abinci ne daga gida, da wurin kwana a bayan injin, da garin da ya zube ƙasa in ya share, sai ɗan abin da aka ba shi in zai je ganin iyali da salla.

Ana nan sai soja suka ce sun gaji, za su koma bariki. Aka kaɗa gangar siyasa, waɗanda jiya ko sallama ba sa amsawa suka wayi gari suna zuwa jana'izar kowa. Alhaji Ƙasimu ya fito takarar kansila, aka liƙe bangon injin da hotunansa yana murmushi har kunne.

Wata safiya, ana gab da zaɓe, Safara'u ta iso da buhunta ta tarar an riga ta. Wasu samari ne suke fitowa daga shagon, sanye da riguna masu hoton Alhaji, ɗaya na rungume da ƙulli a baƙar leda. Tanko ya ɗaure hancinsa da tsumma. Ta yi masa tsiya a kan ya bar wasu sun shige gabanta, ya ce ɗan abu ne kaɗan, bai ko kalle ta ba. Rana tana yi, ga ruwan tuwo a wuta, ba ta tsaya bincike ba. Ya zuba masararta, ta ɗauki garinta ta hau acaɓa.

Bayan azahar gari ya rikice. Malam Zakariyya, babban akawu a wata ma'aikata, dattijon da ko dariya ba ya yi da ƙarfi, ya koma ofis ya ce zafi yake ji. Ya cire hula, ya cire riga, da ba a riƙe shi ba da wandon ma ya bi su, a gaban 'yan mata masu buga tafireta. Wani direban bas ya tsaya a tsakiyar titin Zariya, mota cike da fasinja, ya fita yana korar kajin da shi kaɗai yake gani. Leburori kuwa a wurin gini aka tarar da su suna tsintar abin da babu a ƙasa, idanu a zazzare, baki a bushe, suna ta sambatu. Aka kwashe su zuwa asibiti, aka tambayi masu ɗan hankali a ina suka ci abinci, bakinsu ya zo ɗaya. Kafin la'asar 'yan sanda sun kifar da tukunyar Safara'u sun tasa ƙeyarta.

Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Likita ya ce zaƙami ne, 'ya'yan tsiron nan da 'yan bangar siyasa suke niƙawa su zuba a kunu su sha kafin taro, don su daina jin tsoro da kunya. 'Yan sanda suka birkice ɗakinta ba su ga komai ba, suka sake ta bayan an yi belinta. Amma kafin ta fito unguwa ta riga ta yanke nata hukuncin. Wai maganin kasuwa take barbaɗawa a tuwo tun da daɗewa, ranar ne hannunta ya zarce. In ba haka ba, me ya sa rumfarta take cika alhali ga wasu masu tuwon suna korar ƙuda? Me ya sa kuma ita ba ta ci ba? To, watan Sha'aban ne, ramuwar azumi take yi kamar kowace mace mai bashin azumi a kanta. Ta faɗa har muryarta ta dushe. Aka ce ai dama haka za ta ce.

Wallahi bakin mutane mugun abu ne. Mutumin da ya shekara da shekaru yana lashe kwanonta har yana neman ƙari, shi ne yanzu yake cewa dama shi yana jin wani iri in ya ci. Malam Zakariyya ya daina bin layin gaba ɗaya. A makarantar Islamiyya aka daina zama kusa da 'yarta. Ba asarar tukunya ce ta dame ta ba, ba kuma kwanan ofishin 'yan sanda ba. Sunanta take so a dawo mata da shi, a sani a Gyadi-Gyadi cewa hannunta bai taɓa zuba wa ɗan Musulmi abin cutarwa ba.

Tana zaune tana juya ranar a ranta, daga ɗebo ruwa har kwasar tuwo, sai tsumman da ke hancin Tanko ya faɗo mata. Mutumin da ya shaƙi gari rabin rayuwarsa bai taɓa rufe hanci ba, me ya sa ranar ya rufe? Ko mayafi ba ta gyara ba ta nufi Tarauni, Jummai na biye da ita tana ba ta haƙuri. Ta kashe injin da hannunta, ta ci kwalar Tanko a gaban mata masu jiran layi. Bai yi gardama ba. Ya durƙusa yana hawaye, ya ce yaran nan ne suka taso shi da sassafe suka ce ya niƙa musu, ya ga hoton maigidansa a ƙirjinsu, ga wuƙaƙe a ƙugu, ya rasa bakin cewa a'a. Ya so ya kora dusa, sai dusar ta ƙare, don Alhaji ya daina sayowa tun da ya shiga hidimar zaɓe. Kwance faranti kuma aiki ne mai cin lokaci, ga ta a tsaye tana faɗa. Ya ce a ransa ɗan kaɗan ne, ba zai yi komai ba.

Ta ɗaga hannu za ta mare shi, sai ta dubi ƙashin wuyansa da tsummokaran da yake kwana a kai, ta sauke. In ta kama Tanko me ta kama? Wa zai saurari Tanko a garin nan? Ita ba don Tanko take kawo niƙa ba, sunan da ke rubuce a saman ƙofa ta bi.

Ta samu Alhaji Ƙasimu a gidansa na Daurawa, zaure cike da 'yan a-bi-yarima-a-sha-kiɗa. Ta gaishe shi yadda ya kamata, ta zayyana masa komai. Ta ce ba ta zo neman ko sisinsa ba. Abu ɗaya take so, ya taka zuwa rumfarta ko ya sa a faɗa a rediyo cewa daga injinsa abin ya fito, ba daga hannunta ba.

Alhaji ya gyara zaman hula, ya yi salati, ya jajanta mata da murya mai taushi. Sannan ya ce, "To amma baiwar Allah, ni na niƙa? Ina gidana ina barci. Da bakina na hana Tanko zuba wa injin nan abin da ba abinci ba. Wanda ya saɓa, shi za ki nema."

Ta ce, "Alhaji, in injin ya kawo riba, Tanko ake kai wa ko kai?"

Wani ya ce ta iya bakinta, a gaban manya take. Alhaji ya ɗaga masa hannu, ya ce a bar ta, zafin rai ne. Yaran da ta ce ta gani kuwa, ai riga kowa ma yana iya sawa, wataƙila ma 'yan adawa ne suke son ɓata masa suna. Ka ji fa. Shi ne mai sunan da za a ɓata.

Washegari Alhaji ya aiko dattawa da maganar sulhu, da buhun masara da turmin atamfa, bisa sharaɗin ta ja bakinta ta yi shiru har a wuce zaɓe. Ta ce su mayar masa, shirun ne ma yake kashe ta. Da ya ga haka sai ya kira 'yan sanda da kansa ya damƙa musu Tanko, ya ce ga mai laifi nan, shi ba ya goyon bayan ɓarna. Tanko ya sha kulle da duka, aka sako shi, ya tarar an watso tsummokaransa waje an sa wani a kan injin. Ya tattara ya koma ƙauye. A unguwa kuwa abin da aka ji shi ne, Safara'u ta laƙa wa wani tsohon kurma laifinta har ta raba shi da abincinsa. Aka yi zaɓe, Alhaji Ƙasimu ya ci.

Ta koma sayar da gawayi da itace a ƙofar gida, abin da ba a sawa a baki. Mace mai tsabtar da ake kwatance da ita, ga ta yanzu baƙi ƙirin har gwiwar hannu. Jummai ce take leƙo ta kullum, ta taya ta ƙulla gawayi, ta ce ta bar wa Allah. Safara'u ta ce ta bar wa Allah, amma Allah bai ce ta kwanta a taka ta ba.

Cikin masu cin tuwonta akwai wani matashin lauya, Lawan, wanda Allah ya tsare shi ranar yana Kaduna. Shi ya zo har gida ya zauna a kan buhun gawayi ya saurare ta. Ta tambaye shi ko gaskiya ne tunda Alhaji ya hana, kuma ba ya wurin, shi ke nan ya fita. Lawan ya ce sam. Doka ba ta tambayar ko maigida ya aiki yaronsa ya yi ɓarna, don babu mai cewa ya aika. Abin da take tambaya shi ne, aikin wa yaron yake yi sa'ad da ya yi ɓarnar. Da Tanko ya tafi kasuwa ranar hutunsa ya mari wani, wannan tsakaninsu ne. Amma niƙa aka ajiye shi ya yi, niƙa kuma ya yi, a shagon Alhaji, da injin Alhaji, ga mai kawo wa Alhaji ciniki. Ya yi aikin ne ta mummunar hanya, hanin da aka yi masa kuma bai wanke mai injin ba.

Safara'u ta ce, "Ashe abin da kakata take faɗa ne. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski."

Ya ce shi ke nan, ta gama karatun lauya. Sai dai ya gargaɗe ta, kotu diyya take sa a biya, ba ta da ikon ɗaure bakin unguwa. Ta ce ita dai alƙali ya faɗa a bainar jama'a, in ya faɗa ai kowa zai ji. Lawan ya ce yanzu farar hula za su karɓi mulki, ba kamar da ba da za a bugo waya daga bariki a ce a rufe magana. Su gwada.

Aka shiga kotu. Wanda bai taɓa shari'a da mai kuɗi ba bai san haƙuri ba. Yau lauyan Alhaji ba shi da lafiya, gobe Alhaji yana taron majalisa, jibi ya tafi Umara. Soja suka miƙa mulki aka yi ta bukukuwa, damina ta zo ta wuce, Safara'u tana sintiri a ƙafa don kuɗin mota ya gagara, Jummai na riƙe mata jaka. Da kanta ta je ƙauyen su Tanko ta same shi yana tari a gindin bishiya, ta ce ya taso ya faɗi gaskiya ko ya haɗu da ita gaban Allah. Ya taso.

Ranar da aka saurari shaidu, lauyan Alhaji ya miƙe ya kawo maganar da ta sa Safara'u ta kusa tashi daga benci. Wai Tanko ba ma'aikacin Alhaji ba ne ko kaɗan. Ina takardar ɗaukar aiki? Ina albashi? Wani bawan Allah ne da Alhaji ya taimaka wa da wurin kwana saboda tausayi, shi kuma yake ɗan taɓa injin don kansa. Alhaji yana zaune cikin shadda yana gyaɗa kai. Tanko bai ji abin da aka ce ba, sai da magatakarda ya matso kusa da kunnensa ya ɗaga murya, duk kotu na ji, ya ce masa Alhaji ya ce shi ba yaronsa ba ne.

Tanko ya juya ya dubi Alhaji. Sannan ya ce, "To duk shekarun nan wa nake yi wa?"

Alƙalin dattijo ne marar son hayaniya. Ya tambayi Alhaji wa yake yanka farashin niƙa, ya ce shi. Wa ake kai wa cinikin yini, ya ce shi. Wa yake cewa a buɗe ko a rufe, ya ce shi. Wa ya kori Tanko, ya ce shi. Alƙali ya ce mutumin da ba yaronka ba, ta yaya ka kore shi daga aiki? Alhaji ya dubi lauyansa, lauyan ya dubi takardunsa.

Da ranar hukunci ta zo, alƙali ya karanta a fili cewa zaƙamin daga injin ya shiga garin, mai ƙara ba ta da hannu ko masaniya. Ya ce ko yaran da suka kawo shi na Alhaji ne ko ba nasa ba, wannan bai canja komai ba. Tanko ma'aikacinsa ne, a bakin aikinsa ya yi sakaci, saboda haka alhakin yana wuyan mai injin, kuma zai biya diyya. Safara'u ta sunkuyar da kai ta yi kuka, kukan da ba ta yi ba ko ranar da aka kama ta. Ta ji kamar an sauke mata dutsen niƙa daga ka. A ranta har ta fara lissafin inda za ta sayo sabuwar tukunya.

A harabar kotu magoya baya suka kewaye Alhaji, yanzu Honorabul ake ce masa, suna cewa a ɗaukaka ƙara. Ya yi murmushin nan nasa na jikin hoto, ya ce a'a, zai biya, shi ba ya ja da irin waɗannan. Ya rage murya, amma ba yadda 'yan acaɓan da ke bakin ƙofa za su kasa ji ba.

"Ku rufa mini asiri. Matar da ta sa babban akawu ya tuɓe a ofis, alƙali ne zai gagare ta?"

Kafin ta isa gida maganar ta riga ta. Allah wadaran wannan tunani. Mutanen da suka shekara da shekaru a ƙarƙashin takalmin soja, ba su taɓa ganin talaka ya kai mai mulki ƙara ya dawo da kansa a wuya ba, balle mace, balle mai tuwo. Da aka ce ta yi nasara, ba wanda ya tsaya tambayar me alƙali ya ce. Dokar da ta ɗaure maigida da laifin yaronsa ba su san ta ba, asiri kuwa sun san shi. Aka ce ai ga shi nan, har alƙali ta shanye, ta juya kan tsohon kurman nan ya ci amanar ubangidansa. Wasu har tausayin Alhaji suke ji, bawan Allah ya biya abin da bai ci ba don gudun sharri. Lawan ya yi ta bayani a majalisar masu shayi har ya gaji, aka ce shi ma ai tuwonta ya ci ya girma.

Safara'u ta ji, ta ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Ta gyara rumfa, ta sa sabon kwano, ta sayo tukwane. Masarar ma a turmi ta sa aka daka, aka tankaɗe a gabanta. Ranar da ta buɗe, ƙamshin miya ya cika layin. Rana ta take, ma'aikata suka fito. Suna zuwa daidai rumfar sai su tsallaka titi, wasu su gaishe ta daga nesa da ladabin da ba su taɓa yi mata ba, har da rusunawa. Da zagi ne da ta san abin da za ta mayar. Wannan gaisuwar ta tsoro ita ta fi ƙona mata rai. Azahar ta yi, ta wuce, malmala ko ɗaya ba ta fita ba.

Sai ga Jummai ta rufe ƙwaryar furarta ta dawo ta zauna a benci. Safara'u ta ji sanyi a ranta. Ta ɗauko sabon kwano ta zuba mata tuwo, ta malala miya, ta sa man shanu ba tare da awo ba, ta ajiye a gabanta. Ta ce ta ci, ko mutane sa gani.

Jummai ta dubi kwanon, ta ce alhamdu lillahi, a ƙoshe take. Ta ɗan tura shi gefe da bayan hannu, ta waiga hagu da dama, ta matso har kafaɗarsu na gogayya. Ta ce ƙaninta ne yake da shari'ar gona da wani mai kuɗi, an kusa ƙwace masa, yara sun yi masa yawa.

"Don zumuncin da ke tsakaninmu, Safara'u, ki taimaka ki faɗa mini wurin wanda kike zuwa. Ko nawa ne za mu nemo."

Safara'u ta tsaya da mara a hannu. Ta dubi matar da ta raka ta injin, ta raka ta kotu zama bayan zama, ta ji shaidar Tanko da kunnenta, ta ji hukuncin alƙali daga farko har ƙarshe. Da ƙyar ta ce, "Jummai, tun yaushe kike zaton haka?"

Jummai ta kama hannunta ta matse, idonta cike da ƙauna.

"Haba 'yar uwa, tun ba yau ba. Amma wallahi ban taɓa faɗa wa kowa ba."

Safara'u ta zare hannunta a hankali. Ta ɗebo ruwa a randa ta sheƙa wa murhun, tuwon yana cike da tukunya.